Wifi zon da ofisoshi: yadda ake adana saitin na'urar intanet da yadda ake mayar da shi in ya ɓace

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ga allon « WiFi Zone » a ƙofar wani shago ko gida ba. Sana'ar ta ƙara yaɗuwa tun da kamfanin Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar cikin watan Maris na 2025. Matashi ya ɗauki layi guda mai ƙarfi, ya kafa eriya bisa rufi, ya riƙa sayar wa maƙwabta tikitin awa, na yini ko na mako. Makarantu masu zaman kansu, otel-otel, ɗakunan shan magani da ofisoshin ƙungiyoyi su ma duk sun dogara da wani ɗan akwati mai fitilu da ke rarraba intanet, wanda masu sana'ar ke kira ruter.

Kowane mai irin wannan akwati ya san nawa ya saye shi. Abin da ba kasafai ake sawa cikin lissafi ba shi ne saitin da ke ciki. In akwati ya ƙone, ana iya samun wani a kasuwa ranar nan. In saiti ya ɓace kuma babu kwafinsa a waje, aikin kwanaki ne za a sake daga farko, kuma tikitocin da mutane suka riga suka biya ba za su ƙara buɗe komai ba.

Me ake nufi da saiti?

Na'urar da aka fiddo daga kwali ba ta san komai game da wurin da za ta yi aiki ba. Sai teknisiyen ya zauna ya tsara mata abubuwa ɗaya bayan ɗaya: ta wace kafa intanet ke shigowa, suna da lambar sirrin da kamfanin sadarwa ya bayar in layin na buƙatar su, sunan wifi da za a gani a waya, adireshin da za a ba kowace waya ko kwamfuta, iyakar gudun kowane mutum don kada mai kallon bidiyo ya shanye na kowa, dokokin tsaro da ke hana baƙo shiga cikin na'urar, sai kuma jerin tikitoci da tsawon lokacin kowanne. Wannan duka shi ne saiti, abin da teknisiyoyi ke kira konfigirasiyon.

Girmansa bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa fayil ɗin saiti bai kai hoto guda da aka ɗauka da waya nauyi ba. Amma a cikinsa akwai duk gyare-gyaren da aka yi ta yi wata da watanni, har da waɗanda wanda ya yi su ya manta dalilinsu.

Na'urorin da aka fi gani a wifi zon na MikroTik ne, wani kamfanin ƙasar Latbiya da aka kafa a birnin Riga a 1996. Manhajar da ke tafiyar da su sunanta RouterOS, kuma akasari ana shiga cikinsu ne daga kwamfuta ta wata ƙaramar manhaja mai suna WinBox. Shi ya sa misalan wannan bayani suka fi karkata gare su, ko da yake ƙa'idar ɗaya ce ga kowace irin na'ura.

Abubuwan da ke shafe saiti

Ɗaukewar wuta ita ce ta farko da ke zuwa wa mutum a rai. Nijar na samun babban kaso na lantarkinta daga Najeriya, kuma jama'a ba su manta da watannin da suka biyo bayan katse layin a watan Agustan 2023 ba. Sai dai ɗaukewar wuta ita kaɗai ba ta cika goge saiti ba, tun da a ma'ajiyar da ba ta buƙatar wuta yake zaune. Haɗarin yana wurare biyu: wuta ta tafi daidai lokacin da na'urar ke sabunta manhajarta, ko kuma ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima ta ƙona akwatin. Haka ma lokacin da ake sauyawa daga kuran zuwa janareto. Onduler ko batir mai haɗe da hasken rana yana rage wannan matsala sosai.

Na biyu shi ne tsawa. Daga watan Yuni zuwa Satumba, eriyar da ke bisa rufi ko kan dogon ƙarfe na iya janyo ƙarfin tsawa, ya biyo waya ya shigo har cikin ɗaki. Na uku zafi ne da ƙura: a watannin Afrilu da Mayu ma'auni na haura 40, kuma akwatin da aka kulle cikin shagon kwano ba iska yana gajiya da wuri.

Sauran dalilan daga hannun mutum suke. A jikin kowace na'ura akwai ɗan maɓalli da aka rubuta wa Reset. A na'urorin MikroTik, in aka danne shi yayin da ake jona wuta har fitila ta fara ƙyaftawa, wajen daƙiƙa 5, aka saki, saitin ya tafi, na'urar ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Yaron shago da ya ga intanet ya tsaya, ya tuna ya taɓa ganin ana danna wurin, yana iya share aikin shekara guda da tsinken sakace. Akwai kuma kuskuren shi kansa teknisiyen, da sata, da sabunta manhaja ba tare da shiri ba.

Na'urar da ke ajiyewa nan take da wadda ke jiran umarni

Kafin maganar kwafi, ya kamata a san cewa na'urori ba su da hali ɗaya wajen riƙe canji. Yawancin na'urorin Cisco, irin waɗanda ake samu a bankuna da manyan ma'aikatu, saiti biyu suke da shi: wanda ke aiki yanzu, yana cikin ƙwaƙwalwar da ke gogewa in wuta ta tafi, da wanda na'urar ke karantawa in ta tashi. Duk gyaran da aka yi yana shiga na farko ne kawai. In ba a rubuta umarnin copy running-config startup-config ba, to da zarar an kashe an kunna, gyaran ya bi iska. Ana iya shafe watanni ana aiki lafiya, sai ranar da wuta ta ɗauke a tarar da na'urar ta koma tsohon hali.

MikroTik akasin haka take. Duk abin da aka canza yana zama nan take, ba sai an ce ta ajiye ba. Wannan yana da sauƙi, amma yana nufin kuskure ma nan take yake zama. Teknisiyen da ke zaune a Yamai yana gyara na'urar wani shago a Ƙonni ta intanet, in ya sa doka guda ba daidai ba, zai iya rufe wa kansa ƙofa, kuma kashewa da kunnawa ba za su buɗe ta ba. Sai dai a hau mota.

Maganin wannan shi ne maɓallin Safe Mode da ke saman WinBox. In aka danna shi kafin a fara gyara, sannan hanya ta yanke tsakanin teknisiyen da na'urar, ita da kanta za ta warware duk abin da aka yi tun daga lokacin, ko da yake hakan na iya ɗaukar har minti 9. Yana riƙe canje-canje 100 na baya-bayan nan ne kawai, don haka in aikin mai yawa ne, sai a riƙa yin kaɗan, a duba komai na tafiya, a saki maɓallin don gyaran ya tabbata, sannan a sake danna shi.

Kwafi iri biyu, kowanne da amfaninsa

A na'urorin MikroTik ana ɗaukar kwafin saiti ta hanya biyu, kuma rashin sanin bambancinsu shi ke jefa mutane cikin wahala ranar da buƙata ta taso.

Na farko shi ne wanda ake samu in an shiga sashen Files aka danna Backup. Na'urar za ta fitar da fayil mai ƙarewa da .backup. Wannan kamar hoton cikin na'urar ne gaba ɗaya: masu izinin shiga da lambobin sirrinsu, tikitoci, dokoki, har da lambar shaidar kowace kafa ta na'urar, wadda ake kira adireshin MAC. Mutum ba zai iya buɗe shi ya karanta ba. An yi shi ne don a mayar a kan na'urar da aka ɗauke shi, kuma kamfanin na ba da shawarar a mayar da shi a kan zubin manhajar da aka ɗauke shi da ita. In aka zuba shi a wata na'ura dabam, musamman wadda ba samfuri ɗaya ba, kafofi na iya rikicewa, wifi ya ƙi tashi. In kuma tsohuwar na'urar tana nan tana aiki a wuri guda, sai a samu biyu masu lambar shaida ɗaya, rezo ya riƙa yankewa ba a san dalili ba.

Na biyu ana samun sa ne ta buɗe New Terminal a rubuta /export file= a bi shi da sunan da ake so. Abin da ke fitowa fayil ne mai ƙarewa da .rsc, rubutu ne zalla da kowace kwamfuta ke iya buɗewa. Layi bayan layi, yana nuna umarnin da za a bi a sake gina saitin. Ana iya karanta shi, a gyara, a ɗauki wani ɓangare a bar wani, a kai shi wata na'ura. Sai dai ba ya ɗauke da lambobin sirrin masu izinin shiga na'urar. Kuma a zubi na 7 na RouterOS, wanda ya fito a ƙarshen 2021, yana ɓoye sauran lambobin sirri, irin na wifi da na layin kamfani, sai in an ƙara kalmar show-sensitive cikin umarnin. A zubi na 6 ba haka ba ne, yana fiddo su kai tsaye. Wanda ya saba da na 6 zai iya ɗaukar kwafi a na 7 yana ganin ya gama, sai ranar mayarwa ya tarar da guraben lambobin babu komai.

Ƙa'idar a taƙaice: in na'urar tana da rai, saiti ne kawai ya lalace, na farko ya fi sauri. In na'urar ta ƙone ko an sace ta, na biyu ne zai yi ceto. Tun da ba wanda ya san wace irin rana za ta zo, duka biyun ake ɗauka a lokaci guda. Aikin bai wuce minti 5 ba.

Abin da kwafin ba ya ɗauka

Akwai abubuwan da babu ɗaya daga cikin kwafin biyu da ke tafiya da su. Shafin da ke buɗewa a wayar mai saye, mai ɗauke da sunan wifi zon, farashi da wurin rubuta lambar tikiti, yana cikin wata jakar fayiloli mai suna hotspot. Dole a janyo ta dabam zuwa kwamfuta. Masu amfani da User Manager wajen tikitoci su ma su sani cewa rumbun bayanansa ba ya shiga cikin .backup, yana da tasa hanyar ajiya. Masu amfani da Mikhmon, manhajar nan da wani ɗan Indunusiya ya ƙirƙira wadda ake buga tikiti da ita, su tuna cewa ita ma tana da nata saitin a kwamfuta ko wayar da aka girka ta.

Lasisin na'ura ma ba ya bin kwafi, a jikin akwatin yake. Lasisi mataki na 4 yana barin mutum 200 su shiga hotspot a lokaci guda, na 5 yana barin 500, na 6 ba shi da iyaka. Wanda babbar na'urarsa ta mutu ya saye ƙarama don ya rage kashe kuɗi, saitin zai iya shiga lafiya amma yawan mutanen da za ta ɗauka ya ragu.

Ina za a ajiye?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki kwafi a bar shi cikin na'urar. Wannan daidai yake da ajiye makullin gida na biyu cikin ɗakin da aka kulle. In akwatin ya ƙone, da shi da kwafin suka tafi tare. A ƙananan na'urori ma abin ya fi haka: duk wadda ke da jaka mai suna flash cikin sashen Files, fayil ɗin da aka bari a wajen wannan jaka yana ɓacewa da zarar an kashe an kunna. Don haka da an ɗauka, sai a ja shi da linzami daga WinBox zuwa kwamfuta.

Masana ajiyar bayanai suna da wata tsohuwar ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ga mai wifi zon, hakan na nufin ɗaya a kwamfutar aiki, ɗaya a kile USB da ke gida cikin akwatin takardu, ɗaya kuma a imel ko ma'ajiyar intanet ta kansa. Kamfanin MikroTik ma yana ba kowace na'ura gurbi guda kyauta a ma'ajiyarsa, amma gurbi guda ba ya riƙe tarihi, kwafi ɗaya kawai yake ɗauka.

Riƙe tarihi yana da muhimmanci, domin ba kullum ake gane matsala ranar da ta shiga ba. In sabon kwafi kullum yana danne tsohon, ana iya wayar gari duk abin da ke hannu mai ɗauke da kuskuren ne. Suna mai kyau yana taimakawa: wuri, samfurin na'ura, zubin manhaja da kwanan wata, misali maradi-hex-7.15-2025-06-02. Fayil goma da duk aka sa wa suna « sabo » ba su da amfani ranar gaggawa.

Lokutan ɗauka kuwa guda huɗu ne: ranar da aka gama girka na'ura, kafin kowane babban gyara da bayansa, kafin sabunta manhaja, da duk lokacin da aka ƙirƙiri sababbin tikitoci. Wanda ke mantuwa yana iya sa teknisiyen ya tsara wa na'urar, ta sashen Scheduler, ta riƙa ɗaukar kwafi da kanta tana aikawa imel kowane dare ko kowane mako. Amma sai an riƙa leƙa imel ɗin, don irin wannan tsari na iya tsayawa shiru ba wanda ya lura.

Ranar mayarwa

In na'urar ita ce dai ta da, aikin gajere ne. A jona kwamfuta da waya, a buɗe WinBox. Na'urar da ta koma saitin masana'anta galibi tana kan adireshin 192.168.88.1, in kuma ba ta amsa ba, ana iya ganin ta a sashen Neighbors a shiga ta lambar MAC. Sunan shiga admin ne. Tsofaffin samfura ba su da lambar sirri, sababbi kuwa tana rubuce a takardar da ke manne a jikinsu. A ja fayil ɗin .backup zuwa Files, a zaɓe shi, a danna Restore, a rubuta lambar da aka kulle shi da ita. Na'urar za ta mutu ta tashi. Daga nan lambar shiga ta koma wadda ake amfani da ita ranar da aka ɗauki kwafin, ba ta jiya ba. Shi ya sa ake rubuta ta a ajiye tare da kwanan watan kwafin.

In sabuwar na'ura ce, sai a yi haƙuri a bi a hankali. Da farko a daidaita zubin manhajarta da na tsohuwar gwargwadon iko. Sannan a share saitin masana'anta gaba ɗaya, don kada ya yi karo da wanda za a zuba. A buɗe fayil ɗin .rsc a kwamfuta a duba sunayen kafofi: in tsohuwar na da kafa 10 sabuwar na da 5, dole a gyara layukan da ke ambaton waɗanda babu. Sashen wifi ma yana iya bambanta, tsofaffi na kiran sa wlan1, sababbi wifi1. A cire layukan da ke ɗauke da lambar MAC ta tsohuwar. Umarnin /import yana tsayawa ne a kuskuren farko da ya ci karo da shi, ya bar rabin saiti a ciki rabi a waje, don haka teknisiyoyi da yawa sun fi son liƙa fayil ɗin kashi-kashi suna kallon abin da na'urar ke amsawa. A ƙarshe a sa sabuwar lambar sirri ta mai izini, a mayar da jakar hotspot.

Sai a duba agogo. Yawancin waɗannan ƙananan na'urori ba su da batirin riƙe lokaci, daga intanet suke karɓar sa duk sanda suka tashi. In kwanan wata bai daidaita ba, ko ba a zaɓi yankin Africa/Niamey ba, tikitoci na iya ƙarewa kafin lokacinsu ko su ƙi ƙarewa. Akwai ma wani abin lura: daga zubi na 7.10, RouterOS ta canza yadda take rubuta kwanan wata, abin da ya rikita tsofaffin umarnin da ke lissafa ƙarewar tikiti. Wanda ya zuba tsohon saiti a sabuwar manhaja ya gwada tikiti guda ya ga ya ƙare a kan lokaci kafin ya ci gaba da sayarwa.

Tsohon kwafi da tikitocin da ke hannun jama'a

Mayar da kwafi yana mayar da na'ura ranar da aka ɗauke shi, da alherinsa da sharrinsa. A ce mai wifi zon ya ɗauki kwafi farkon wata. Tsakiyar wata ya ƙirƙiri tikiti 500 na dala ashirin-ashirin, wato na jika 50, ya buga ya raba wa masu tebur da masu cajin waya su sayar masa. Ƙarshen wata na'urar ta lalace, aka mayar da kwafin farkon wata. Intanet ya dawo, amma na'urar ba ta san ko ɗaya daga cikin tikitoci 500 ɗin ba. Wanda ya biya kuɗinsa zai rubuta lamba a ce masa ba ta nan. Tikitocin da aka riga aka cinye aka goge bayan ranar kwafin kuwa za su sake bayyana cikin jeri.

Asarar kuɗin tana da iyaka. Wadda ta fi ta ita ce ta yarda, domin a unguwa guda ana iya samun wifi zon biyu ko uku, kuma wanda aka ce wa tikitinsa ba ya aiki gobe can zai tafi. Abin da ke hana wannan shi ne sabon kwafi bayan kowane bugu na tikiti, tun kafin takardun su bar shago.

Kwafi sirri ne

Fayil ɗin saiti yana ɗauke da makullan wurin gaba ɗaya. Wanda ya same shi zai iya fiddo lambar wifi, lambar layin kamfani da jerin tikitocin da ba a sayar ba. A sababbin zubin RouterOS, in ba a rubuta lambar kulle ba lokacin ɗaukar .backup, fayil ɗin a buɗe yake fitowa. Shi kuwa .rsc ba shi da kulle ko kaɗan. Tura irin waɗannan fayiloli cikin gurup na WhatsApp don neman taimako daidai yake da raba makullin shago a kasuwa. In dole sai an nuna wa wani, a ɗauki wanda aka ɓoye lambobin sirrinsa.

Akwai darasi daga abin da ya faru a 2018. A watan Afrilun shekarar, MikroTik ta toshe wata kafa a hanyar WinBox da ke barin ɓarayin intanet su karanta lambobin sirrin na'ura daga nesa. Da yawa ba su sabunta ba. A watan Agusta masu bincike suka ba da rahoton na'urori sama da 200.000 da aka kutsa, da farko akasari a Birazil, aka mai da su hanyar haƙar kuɗin intanet da kwamfutocin masu amfani da su. A 2021, da aka yi amfani da ɗimbin irin waɗannan na'urori wajen kai manyan hare-hare da aka sani da sunan Meris, kamfanin ya bayyana cewa waɗanda aka kutsa tun 2018 ne, waɗanda ba a canza lambobin sirrinsu ba ko bayan an sabunta su.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, kwafin da aka ɗauka daga na'urar da aka riga aka kutsa yana mayar da ɓarawo tare da saiti. Nan ne fayil ɗin da ake iya karantawa ke da daraja: ana duba shi a ga ko akwai umarnin da ke tashi da kansa wanda ba wanda ya sa shi, ko wata ƙofa da aka buɗe ba da sanin mai wuri ba. Bayan duk wani kutse, sai an canza lambobin sirri duka.

Tsakanin mai wuri da teknisiyen

Da yawa daga cikin masu wifi zon da shugabannin ofisoshi ba su taɓa buɗe WinBox ba, kuma ba laifi ba ne. Matsalar tana tasowa ne in lambar shiga da kwafin saiti duk suna hannun mutum guda wanda ba shi ne mai kayan ba. Teknisiyen na iya tafiya Agadas ko Kwatano neman aiki, wayarsa na iya ɓacewa, ana iya samun saɓani kan kuɗi. Na'urar da ba a san lambarta ba, hanyar shiga ɗaya ce ta rage: a share ta. Sharewa ba tare da kwafi ba kuwa komawa farko ne.

Don haka ranar da aka gama aiki, kafin a biya cikon kuɗi, mai wuri yana da haƙƙin karɓar abubuwa biyar: sunan shiga da lambar sirri nasa na kansa mai cikakken izini, dabam da na teknisiyen, fayil ɗin.backup da lambar kulle shi, fayil ɗin.rsc mai ɗauke da lambobin sirri, jakar hotspot, da takarda guda da ke nuna samfurin na'ura, zubin manhaja da abin da aka jona a kowace kafa. Wannan ba rashin yarda ba ne. Shi ma teknisiyen yana hutawa, domin ranar da na'ura ta mutu aikin awa guda zai yi maimakon na kwana biyu.

Na'urorin gida

Masu ƙananan na'urori a gida, irin su TP-Link, Huawei ko ZTE, su ma abin ya shafe su. Da yawansu suna da wurin ajiya da mayarwa cikin shafin sarrafa su, ƙarƙashin Outils système ko Système, da maɓallan Sauvegarder da Restaurer. Fayil ɗin da suke bayarwa na wannan samfurin ne kawai. In babu wannan wuri, ɗaukar hoton kowane shafi da waya ya wadatar. Akwatin da kamfanin sadarwa ya kawo da kansa kuwa, gara a kira kamfanin kafin a taɓa Reset, domin a wasu lokutan bayanan layin na tafiya tare da sauran saitin.

A gwada tun ana lafiya

Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko kwafi ne ba. Yana iya zama rabi, yana iya zama an manta lambar kulle shi. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mai na'ura ta biyu a ajiye ya zuba mata fayil ɗin .rsc ya ga ko tikiti na buɗewa. Wanda ba shi da ita ya zaɓi lokacin da jama'a ba su da yawa, kamar bayan sallar asuba, teknisiyen na kusa, ya ɗauki sabon kwafi ya mayar da shi a kan na'urar. Mafi dacewar lokacin yin haka shi ne kafin zafin watan Afrilu da kuma kafin ruwan farko na damina, lokutan da na'urori suka fi fuskantar haɗari.